Fiyano Ɗaya, Yara Takwas: Ta Ina Za A Fara?

Darasin allon bangonmu na wannan mako na ƙannenmu ne 'yan shekara 5 zuwa 8, da yayyen da za su zauna da su. Duk wanda ya taɓa jin waƙar fim ɗin Hausa ya ji fiyano, domin tun shekarun 1990 masu kiɗan finafinai a Kano suka rungumi na lantarki, irin su Yamaha da Casio. Ana ganinsa a wurin biki da coci, amma da wuya ka ga an bar ƙaramin yaro ya taɓa. Hujjar da ake bayarwa ita ce abin guda ne, yara kuwa da yawa. Mu a ganinmu guda ɗaya ya isa yara shida zuwa takwas, in dai waɗanda ba su kai gabansa ba suna da aikin yi.

Wani ɗan Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera fiyano na farko a birnin Fulorans wajen shekarar 1700. A cikin na asali akwai wayoyi sama da 200 a ɗaure tamau, da 'yan gudumomi masu bugunsu idan an danna maɓalli. Babba yana da maɓallai 88: farare 52, baƙaƙe 36. Na lantarki da aka fi gani a wajenmu ba shi da waya ko guduma, kuma yawanci maɓallansa 61 ne. Kada yawan ya tsorata kowa. Maɓallai 12 ne kawai suke ta maimaita kansu, farare 7 da baƙaƙe 5. Mu kira su gida guda. Mai 61 gida biyar ne da ɗori ɗaya.

Ranar farko ba a maganar harufa. A sa yara su dubi baƙaƙen, za su ga a jere suke biyu, uku, biyu, uku. Kowa ya zo ya nemo 'yan biyu, ya danna, ya koma. Daga nan su gano da kunnensu cewa sauti yana kauri idan aka yi hagu, yana sirancewa idan aka yi dama.

A nan ne yaron da ya tashi da Hausa yake da jarin da bai san yana da shi ba. Harshenmu mai karin sauti ne: murya tana hawa, tana sauka, ma'ana tana canzawa. Ku ɗauki kalmar baba. Idan mahaifi ake nufi, murya tana farawa ƙasa ta hau. Idan uwa ko goggo ce, daga sama take saukowa. Baban rini kuwa sama da sama ne. To, a kan 'yan biyun nan, na hagu shi ne ƙasa, na dama shi ne sama. Hagu sannan dama, an kira mahaifi. Dama sannan hagu, an kira goggo. Dama sau biyu, an je marina. Yaro ɗaya ya danna, sauran su faɗi wanda ya kira. In sun gane, a shiga sunaye: Bala hagu da dama ne, Audu da Binta dama da hagu, Musa dama da dama. Abin da mai kalangu yake yi ke nan sa'ad da ya matse tsarkiya ya saki har ganga ta kira sunan mutum. Yaran da ke jin Gunganci ko Kambarci a gida su kawo nasu kalmomin a gwada, aji zai ƙaru da su.

Baƙaƙen nan biyar suna da wani amfani. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, shi ya sa waƙar gaɗa ko ta reno takan faɗo a kansu ba da wahala ba, ko da ba daidai-wa-daida ba. Kuma duk yadda yaro ya haɗa su, ba sa yi wa kunne karo sosai. Saboda haka yara biyu za su iya tsayawa tare, ɗaya a hagu yana riƙe sauti guda, ɗaya a dama yana yawo.

Sauran shidan fa? Kowannensu ya samu fiyanon kwali. A yanko kwalin taliya ko na sabulu, a zana gida biyu da rula. Faɗin farin maɓalli kusan santimita 2.3 ne, bakwai ɗin kuwa wajen santimita 16 da rabi. A kiyaye wannan awo, domin yatsun da suka saba da zane mai faɗi za su ɓata idan sun hau na gaske. Duk abin da na gaba yake dannawa, su ma suna danna shi a kwalinsu suna rerawa da baki. Bayan minti uku a sauya. Wasu kuma su riƙe bugu da tafi. Wanda ya kalli bikin Rigata a Yauri ya ga yadda matuƙa da yawa suke tsoma filafili a ruwa lokaci guda; in ɗaya ya riga, jirgi ya karkace. Haka ake so tafin ya zama: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba mai riga wani, ba mai makara. Wannan abu ne da yaro mai malami shi kaɗai a ɗaki ba ya samu da wuri.

Sai a mako na biyu ko na uku a kawo lambobin yatsu. Babban yatsa 1, manuni 2, na tsakiya 3, mai bi masa 4, ƙarami 5, a kowane hannu. A lanƙwasa su kamar an kife hannu a kan lemo. Farin da ke hagun 'yan biyu shi ne C, wanda ake rerawa do. Daga shi sai D, E, F, G, A, B, a sake komawa C. Biyar na farko sun isa wata guda.

Koyo cikin taro ba baƙon abu ba ne. A Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, ya gina hanyarsa a kan cewa yaro yana koyon kiɗa yadda yake koyon harshen uwa: ya ji, ya kwaikwaya, karatu ya biyo baya. Mu ma a makarantar allo mun san yadda ƙarami yake tsintar karatu daga bakin na kusa da shi tun kafin a rubuta masa.

Akwai abin da ba za mu tsallake ba. Wasu iyaye suna ɗaukar kiɗa a matsayin roƙo, wasu kuma suna da dalilinsu na addini. Kada a sa yaro a aji sai an tambayi gida, kuma wanda aka hana kada a yi masa gori. Ga malamai da yayye: bulala ba ta da wuri a nan, hannun da ke rawa don tsoro ba ya danna daidai. Minti 30 ya isa. A wanke hannu kafin a taɓa, a rufe fiyanon da zane saboda ƙurar hunturu, a tanadi batir tun da wuta ba ta da tabbas, a kuma cire shi idan an gama don kada ya zube a ciki.

Mun liƙa samfurin fiyanon kwali a ƙasan wannan takarda, da awonsa. A kwafa da rula, a bar shi a bango don na baya.