Tambaya da Amsa: Ɗango Uku Ya Isa a Kira Shi Waƙa?

TAMBAYA

Malam, ina rubuto maka ne daga Gadarif, inda muke zaune a gidan kawuna tun da yaƙi ya tashe mu daga Khartum a 2023. Ni malamin firamare ne, ba sha'iri ba. Amma tun zuwanmu nan tunanin wuri ɗaya ya hana ni sakat, wato tsohon gidan sinima na Kolisiyum, inda marigayi mahaifina yakan kai ni ina yaro a shekarun 1980. Ina tuna adon goshin ginin, da tagar sayen tikiti, da kujerun ƙarfe, da yadda muke kallo taurari na bisa kanmu. Sai na fara rubuta masa 'yan waƙoƙi a waya, ɗango uku-uku, irin na Japanawa da na gani a intanet. Ga ɗaya:

Kyakkyawan gini mai ado,
Zuciyata tana kewarka,
Yaushe zan sake ganinka?

Da na karanta wa kawu, wanda ya haddace Imfiraji, sai ya ce wannan ba waƙa ba ce, atishawa ce, kuma ko da waƙa ce, gidan sinima bai cancanci baiti ba. Malam, waye mai gaskiya tsakaninmu? In ci gaba ko in bari?

Mai karatu, daga Gadarif, Sudan

AMSA

Ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya saka wa kawu da alheri bisa riƙon zumunci. Ka ci gaba, kada ka bari. Sai dai kawu ya riƙe rabin gaskiya, kuma rabin nan nasa ne zai fi yi maka amfani.

Mu fara da gajarta. Ba sai ka je Japan ba kafin ka sami hujja, domin hujjar tana bayan garin da kake zaune. Daga Gadarif ka fuskanci arewa maso yamma, filin Buɗana ne, ƙasar Shukriyya, mahaifar dubaiti, waƙar da makiyayan raƙuma suke rerawa cikin ɗango huɗu tak. Shi kansa Gadarif a da Kasuwar Abu Sin ake kiransa, da sunan gidan sarautar Shukriyya, kuma daga wannan gida Hardallo ya fito, wanda aka haifa wajen 1830, mutumin da har gobe Sudan ba ta da gwanin dubaiti kamarsa. Da ɗango huɗu yake siffanta barewa, ko hadari, ko masoyiya, ya gama, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi atishawa. Ka tambayi duk wani dattijon Shukriyya a kasuwa, zai zubo maka su da ka.

A wajenmu ma haka abin yake. Kirarin sarki ko na ɗan dambe sau da yawa bai wuce numfashi ɗaya ba. Take, da karin magana, da kacici-kacici, duk gajeru ne, kuma sun fi dogayen jawabai daɗewa a bakin mutane. Ko a rubutacciyar waƙa, dubi ƙwar biyu: ana iya zare baiti guda daga cikin ɗari, ya tsaya da ƙafarsa, a yi ta kafa hujja da shi a zaure.

To ina gaskiyar kawu take? Kunnensa ya saba da Aliyu Namangi mai Imfiraji, ya saba jin kari da amsa-amo. Da ka karanta masa naka, ya kasa kunne ya ji inda za a rera, bai samu ba. Bahaushe da kunne yake auna waƙa, ba da ido ba. Haikun Japanawa, wanda Basho ya ɗaukaka a ƙarni na 17, ma'auni 17 gare shi, biyar, bakwai, biyar, kuma su dogon wasali biyu suke ƙirga shi. Mu ma nauyin gaɓa ne ginshiƙin karinmu. Faɗi "gida", ka faɗi "rana". Kowacce gaɓa biyu ce, amma ta farko da gaɓa sassauƙa ta fara, ta biyu kuwa duka gaɓoɓinta masu nauyi ne. Wanda ya tsaya ƙirga gaɓoɓi da yatsu kawai, bai saurari nauyinsu ba, zai fito da abin da ya cika lissafi amma ya ƙi reruwa. Saboda haka in za ka ari gajartar Japanawa, ka ara, amma ka ɗora ta a kan kari da ƙafiyar da kunnen kawu ya sani.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta fi ta kari girma. Sake karanta baitinka. "Kyakkyawan gini mai ado" ana iya faɗa wa fadar Kano, ana iya faɗa wa masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, ana iya faɗa wa sabon otal. Ɗango na biyu da na uku kuwa ko budurwa aka aika wa za ta karɓa. Babu Kolisiyum a ciki, babu mahaifinka. Abin mamaki, wasiƙarka ta fi waƙarka waƙa, domin a cikinta ne ka ambaci tagar tikiti da kujerun ƙarfe da taurari. Kai da kake garin riɗi ka san buhu nawa ake matsewa kafin a cika tulun mai. Gajeriyar waƙa man ce, ba a zuba mata ruwan "kyakkyawa" da "kewa". Ka bar mai sauraro ya ji kewar da kansa, daga abin da ka nuna masa.

Ga abin da na haɗa da kayan da ka ba ni, ɗango huɗu kamar dubaiti, gaɓa tara-tara, ƙafiya guda:

Tagar tikiti tana rufe,
Kujerun ƙarfe suna kife,
Sunan fim ɗin ruwa ya shafe,
Baba, har yau ina nan tafe.

Lura da cewa uku na farko ido ne kawai, ba a ce komai game da zuciya ba. Sai a na huɗu aka juya, aka kira mutum. Wannan juyi shi ne ran gajeriyar waƙa. Game da adon ginin kuwa, kada ka jero shi kamar mai lissafin kayan ɗaki. Zaɓi abu guda: harafi ɗaya da ya ɓalle daga sunan gidan, ko wurin da hannayen masu layi suka goge fenti. Ado yana shiga waƙa ne idan an ga hannun mutum a jikinsa.

Saura maganar cancanta. Ƙyamar da kawu yake yi tana da tarihi, kada ka raina ta. A Kano an buɗe sinimar Rex a 1937 a wajen ganuwa, da aka zo gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 kuwa, malamai sun yi ta suka. Gobarar sinimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa mutane da yawa tabbacin cewa wurin ba na alheri ba ne. Dattijan da suka tashi da irin wannan labari ba za su ji daɗin baitin yabon sinima ba. Hukuncin kallo na malamai ne, ba na wannan fili ba. Amma kai ba kallo kake kira a zo a yi ba. Kana tsaye ne a kan kango kana tuna wanda ya riƙe hannunka, kuma babu jigon da ya girmi wannan. Mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi, wadda ake karantawa a zaurukanmu, da tsayuwa a kufai ta buɗe. Waƙoƙin wa'azi da kawu yake so cike suke da tambayar ina waɗanda suka yi gine-gine suka tafi suka bar su. Shi kansa Namangi, mai Imfiraji, ya yi Waƙar Keke. In keke ya sami baiti a hannun malami irinsa, gidan da ya tara dubban mutanen Khartum tun 1935 ba zai rasa ba.

Kuma ba kai kaɗai ke wannan juyayi ba. Gidajen sinima na Sudan, waɗanda yawancinsu ba su da rufi, sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya bayan juyin mulkin 1989. A 2019 Suhaib Gasmelbari ya fitar da fim kan wasu dattijai huɗu masu shirya finafinai, cikinsu har da Ibrahim Shaddad, suna faɗi-tashin sake buɗe sinimar Saura a Umdurman, har fim ɗin ya ci kyauta a Berlin. Su da kyamara suka adana wurin, kai da baiti. Ka kuma tuna cewa jinin mutanenmu ya daɗe a fasahar ƙasar nan: A'isha Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Umdurman, kuma ta yi da Larabci ta yi da Hausa.

Shawarata ta ƙarshe daga Buɗana na aro ta. Mawaƙan can sukan jera dubaiti da yawa su zama musdar, wato waƙar tafiya, kowane baiti zango guda, har a isa wurin masoyi. Yi haka da naka. Fara daga ɗakunan ciyawa masu tsini na Gadarif da baƙar lakarta, ka bi ta Fau, ka ratsa Wad Madani da Hasahisa, ka ba kowane zango ɗango huɗu, kada ka isa ƙofar Kolisiyum sai a baiti na ƙarshe. Ta haka kowane baiti zai zama gajere yadda kake so, gaba ɗayansu kuma su yi tsawon da kawu yake nema.

In ka gama zango ɗaya, kada ka miƙa masa waya ya karanta. Zauna gabansa bayan la'asar ka rera masa, duk inda ya ɗaure fuska ka sa alama, domin a nan kari ya karye, kuma ba za ka sami mai gyara da ya fi wanda ya haddace Imfiraji ba. Ka aiko mana da zangon farko mu buga a wannan fili. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mai da kowa gidansa.