DARASIN WANNAN WATA: IN HITAR MOTA TA ƘI ƊUMI, DUBA RUWAN INJI

Ga hunturu ya shigo, kuma duk wanda ya taɓa barin Njamena da asuba zuwa kasuwar Masakori ko Durbali ya san sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne. A nan cikin gari ma yakan sauka wajen digiri 14, balle a fili inda iska ke kaɗawa. Darasinmu na yau a kan hitar mota ne, wadda makanikan nan ke kira shofaj.

Da yawanmu in ta lalace sai mu ce ai ƙasar zafi muke, a bar ta. Ni ma haka na ce wata shekara. Kwana uku hitar Hilux ɗina tana huro sanyi, na ƙara bargo na yi shiru. Ran na huɗu, mun wuce Masaget kaɗan, inji ya tafasa, gasket ya ƙone. Kasuwa ta ci ta watse ba ni, gyara kuma ya cinye kuɗin ɗan bijimi. Ashe ruwa ne ke zuba a hankali, hitar tana gaya mini, ban ji ba.

Yadda take aiki

Hita ba ta da wutar kanta. Ruwan da ke zagaya inji shi ke kwaso zafi, ya bi ta tiyo ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye ƙarƙashin dashbod, ya komo ta wani tiyon. Fanka kuma ta huro iska ta cikinsa zuwa gare ka. Saboda haka in ɗumi ya ɗauke, ko dai fanka ce, ko kuwa ruwan zafi ne ba ya isowa. Ga yadda za ka bi su daki-daki.

Na ɗaya, kunna fanka. In ba ta motsi sam, a fara duba fiyus, shi ne mafi araha. In kuma sai a lambar ƙarshe kaɗai take juyawa, ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone, aikin mai waya ne.

Na biyu, in tana hurowa amma sanyi, duba ruwa. Sai dai da safe, kafin a ta da mota. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan zai yi tsalle ya ƙona maka fuska. In ka ga ya ragu, ka cika, sa'an nan ka nemi inda yake bi, domin ruwa ba ya raguwa haka kawai. Bayan cikawa a bar inji ya yi aiki hita na buɗe, iskar da ta maƙale a tiyo ta fita.

Na uku, dubi allurar zafi. In ka yi tafiya mai nisa ba ta taso ba, tamostat ne. Shi wannan ɗan ƙarfe yana tsare ruwa har inji ya ɗumama, a yawancin tsofaffin Toyota sai wajen digiri 82 yake buɗewa. Wasu makanikai suna cire shi su yar, wai don ƙasarmu da zafi. Ba daidai ba ne. Injin da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. A mayar da shi.

Na huɗu, in inji ya yi zafi, taɓa tiyo biyun nan da suka shiga jikin mota ta bayan inji, ka yi hattara da fanbel. In duka da zafi, matsalar tana ciki, wato wayar maɓalli ko ƙofar iska. In ɗaya da zafi ɗaya ba zafi, ƙaramin lagireton ya toshe, sai a cire tiyon a tura ruwa ta baya ya wanke dattin. Wani lokaci kuma za ka tarar wanda ya riƙe motar kafin kai ya haɗe tiyon biyu da juna saboda yoyo. To wannan sai canji.

In ka ga shimfiɗar ƙafa a gaba ta jiƙe, ko gilashi na yin raɓa ta ciki, yoyon yana cikin dashbod. In kuwa baƙin mai ya koma kamar koko, ko salansa na fitar da farin hayaƙi ba tsayawa, ajiye motar, gasket ne.

Abin da ke toshe ta

Ruwan rijiya da na kogin Shari da muke ɗurawa su ke barin laka da tsatsa. A sayi ruwan lagireto na galan, kore ko ja, kada a gauraya kala biyu. Amma ku kula, yana da zaƙi kuma guba ne. Kada a zubar da tsohon inda maraƙi, akuya ko yaro zai lasa.

Gargaɗi

Babban abin da ya sa na rubuta wannan shi ne al'adar shigar da kaskon garwashi cikin mota a rufe gilashi. Garwashi na fitar da wata iska marar launi marar wari, mutum ya ji barci na ɗibarsa, shi ke nan ba ya tashi. Haka kwana cikin mota inji na aiki, musamman in salansa ta huje. Alhazai, ku gaya wa direbobinku da yaran mota: bargo biyu ya fi kasko ɗaya.

Kada kuma a manta, hita tana da rana ko a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. In allura ta tasar wa ja kana tsakiyar daji, buɗe gilashi ka sa hita a ƙarshe. Za ta janye wani zafin daga inji har ka sami wurin tsayawa.

Rigakafi dai ya fi magani. Kafin kasuwa mai zuwa kowa ya ɗaga bonet ya duba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.