Yadda Ake Gina Tsarin Fayil da FUSE a Kan Linux

Duk mai gyaran kwamfuta a Nasarawa da ya taɓa jona faifan ajiya na Windows a injin Linux, ya buɗe shi ta NTFS-3G, ya riga ya ci moriyar FUSE. Miklos Szeredi ne ya rubuta shi, ya shiga zuciyar Linux a 2005, a siga ta 2.6.14. Da FUSE, kai za ka rubuta 'yar manhaja, Linux ta nuna ta tamkar folda. In manhajar ta faɗi, ita kaɗai abin ya shafa, kwamfutar ba za ta daskare ba.

Da farko, a Ubuntu ko Debian, sauke fuse3 da libfuse3-dev da gcc da pkg-config.

Sai ka buɗe fayil na C mai suna gwaji.c, ka sa FUSE_USE_VERSION a 31 kafin ka kira fuse.h. Ayyuka huɗu sun ishe ka: getattr, readdir, open da read.

Kan getattr ya kamata ka daɗe. Duk sunan da aka nema, shi Linux ke fara tambaya: folda ce ko fayil, nawa ne girmansa, wa ke da izini? In sunan babu shi, mayar da -ENOENT, da alamar ragi a gaba. Ka kula da girma sosai. In ka bar shi sifili, cat zai nuna fanko ko da read ɗinka lafiya lau yake, kuma nan ne masu koyo suka fi shan wahala.

Shi readdir sunaye kawai yake jerowa. A read, ka lura da inda aka ce ka fara da adadin da aka nema, kada ka zarce.

Zuba ayyukan huɗu cikin fuse_operations, miƙa wa fuse_main, ka harhaɗa:

gcc gwaji.c $(pkg-config fuse3 --cflags --libs) -o gwaji

Ƙirƙiri folda fanko, ka kunna manhajar da ./gwaji -d folda. Wannan -d zai nuna maka kowace buƙata tana shigowa. Buɗe wata taga ka gwada ls da cat.

Shawarata, kada ka yi gaggawar ƙara write. A unguwar da ake ɗauke wuta ba sallama, bayanin da bai sauka kan faifai ba ya tafi ke nan, don haka sai ka fahimci fsync tukuna, kuma da kwafi za ka gwada, ba da fayilolin kwastoma ba.

In ka gama, ko manhajar ta mutu foldar ta ƙi buɗuwa, kwance ta da fusermount3 -u folda.