Gajiyar da ke shiga tsakanin iyaye da ƙananan yara

Maigida ya dawo daga shago ko ofis bayan magariba. Yara sun rugo da "Oyoyo Baba!", ɗaya ya riƙe ƙafa, ɗaya yana miƙo motar da ya haɗa da gwangwanin madara da marafen kwalba. Sai su ji: "Ku je wajen mamanku, na gaji." Mamar kuwa tun asuba take tsaye, sai ta miƙa musu waya don a samu shiru. Ƙauna na nan a gidan, ƙarfin jiki ne ya ƙare, kuma idan jiki ya mutu, haƙuri da natsuwa su ne farkon tafiya.

Abin da yaro yake rasawa

A 1975 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya gabatar da gwajin da ya yi suna. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska na ɗan lokaci, ba murmushi, ba amsa. Jaririn ya yi ta murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya dawo da ita, da ya gaza sai ya kau da kai cikin damuwa. Ƙwaƙwalwar yaro tana ginuwa ne da wannan musayar: ya yi gwaranci a amsa, ya nuna abu a gaya masa sunansa. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka sa amsa buƙatar yaro a kan kari cikin ginshiƙai 5 na raino, a jere da lafiya, abinci mai gina jiki, tsaro da koyo tun da wuri.

Gajiya iri biyu ce

Akwai gajiyar zama: ma'aikacin ofis, tela, mai shago, direban adaidaita. Sun wuni wuri ɗaya, baya ya sandare, kai ya cika. Maganinta motsi ne, domin motsa jiki a kai a kai yana ƙarfafa zuciya da huhu, yana gyara barci, yana rage damuwa.

Akwai kuma gajiyar wadda ta wuni tana daka, wanki da ɗiban ruwa da goyo a baya. Ita hutu take buƙata, da barci, da mai kama mata aiki, kuma wannan nauyi ne a kan miji. Idan gajiyar ta zo da jiri, haki, da farin tafin hannu ko cikin ido, a je asibiti a auna jini. Idan ta zo da baƙin ciki da rashin sha'awar jariri fiye da mako 2 bayan haihuwa, a ga likita, ciwo ne mai magani.

Abin yi

1. Ku nemi minti 150 a mako. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya a 2020, wato minti 30 sau 5. Tafiya da sauri ta wadatar, bayan asuba ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Ma'auninta shi ne numfashi ya ɗan hau, ana iya magana amma ba a iya rera waƙa.

2. Ku ƙarfafa ƙafa da baya sau 2 a mako. Tsugunna-tashi sau 10, a huta, a maimaita. Wajen ɗaukar yaro a durƙusa da gwiwa, kada a sunkuya da ƙugu.

3. Ku haɗa motsinku da nasu. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsi a wuni. Tsere a tsakar gida, wasan ɓuya, langa, ƙwallo, doki a bayan Baba, duk suna amfanar babba da yaro. Jariri kuma a riƙa kifa shi a tabarma idonsa biyu, jimlar minti 30 a wuni, kuna gabansa. Goyo ma kada ya wuce awa 1 a jere ba a sauke shi ya wutsila ba.

4. Ku ware minti 15 babu waya. A bar ta a ɗaki, a zauna ƙasa daidai tsayin yaro, shi ya zaɓi wasan.

Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, da mai ciki, da mai jego, musamman wadda aka yi wa aiki, su fara jin ta bakin likita. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana motsa jiki ya tsaya nan take.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa kowane mako, sannu ba ta hana zuwa. Kada ku auna nasara da sikeli. Ku duba ko kuna iya zama ƙasa ku tashi ba nishi, ko kuma yaro ya maimaita tambaya sau 3 kun amsa ba tsawa. Idan haka ta fara samuwa, to aikin yana ci.