Ɗana ya ƙanƙame goron Sallarsa

Tambaya: Anti, ɗana shekararsa biyar. In ya tara kuɗin barka da Sallah sai ya ƙanƙame, ko alewa ba ya gutsura wa ƙanwarsa. Yaya zan koya masa kyauta? Daga wata uwa, Jangebe.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Wannan ƙuruciya ce, ba ta zama rowa ba tukuna. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki fara da zakkar fidda kai. In maigida zai auna, mudun Annabi huɗu na gero ko shinkafa ga kowane mutum, a bar yaron ya auna nasa da hannunsa, ya raka babansa kaiwa kafin a tafi Idi.

Ranar Sallah ki ɗora masa kwanon tuwo zuwa gidan marayu, ko gidan waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Da Babbar Sallah shi zai miƙa naman layya. Ki koya masa ya yi sallama, ya rusuna, ya bayar da hannun dama.

Kuɗinsa kuwa, ku kasa uku: na asusu, na kashewa, na kyauta. Shi zai zaɓi wanda zai ba.

Kada ki ƙwace ki bayar da ƙarfi, kada ki kira shi marowaci a gaban mutane, kada kuma ki biya shi don ya bayar. In ya yi, ki sa masa albarka da babbar murya.

Allah ya raya mana shi.