Darasin Sana'a: Rago Ɗaya Da Littafin Lissafi

Masarautar Daura tana da ƙananan hukumomi 5. Su ne Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Yawancin mutanen wannan ƙasa manoma ne, kuma kusan kowane gida akwai ɗan kiwo. Damina a nan gajeruwa ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba. Da zarar an kai gero da wake rumbu, sai aiki ya yanke wa samari da yawa. Wasu su ɗaura kaya su tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas. Wasu kuwa su koma gindin bishiya, ana hira ana jiran ruwan shuka. Wajen wata bakwai ke nan kowace shekara saurayi mai jini a jika yana zaune, alhali ga aure a gabansa, ga iyaye sun fara manyanta.

Gaskiya ne an kawo manyan ayyuka Daura a zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019. A watan Disamba na shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara za ta bi ta Daura. Duk wannan abin murna ne. Sai dai makarantun nan masu takardar sakandare suke ɗauka, aikin ofis kuwa gurbinsa kaɗan ne. Saurayin da ke ƙauye a Baure ko Zango, wanda sai da ya girma ya koyi karatu, ba kasafai rabonsa yake can ba.

Gwamnatoci sukan fito da shirye-shiryen taimaka wa matasa. Tun 1986 aka kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda ke haɗa matasa da masu sana'a don su koya. A 2016 aka fito da shirin N-Power, inda aka riƙa biyan masu digiri N30,000 a wata. A 2023 aka dakatar da shi. Wanda ya sami irin wannan taimako ya karɓa da hannu biyu. Amma shiri yakan zo ya wuce, shi ya sa Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To, mene ne guntun gatarin saurayin ƙasar Daura? Ɗaya daga ciki shi ne kiwon turke. Kasuwar Mai'aduwa tana ci ranar Lahadi, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Ana kawo shanu da tumaki da awaki daga ƙauyukan kewaye da kuma Jamhuriyar Nijar. Fatake suna zuwa da manyan motoci su yi lodi zuwa Kudu. Mutum daga Legas yana tafiyar kwanaki don ya zo wannan kasuwa. Saurayin Sandamu kuwa da safe zai tafi, ya dawo gida kafin magariba.

Akwai wani abu kuma. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar a Agusta 2023, aka buɗe a Maris 2024. A watan Mayu 2025 kuma, dab da Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Duk lokacin da irin haka ta faru, fataucin ƙetare yakan tsaya cik. Wanda ragonsa ke ɗaure a turke bayan ɗakinsa, shi rufe iyaka ba ya hana shi kai kaya kasuwa.

YADDA AKE FARAWA

Ana sayen rago wata uku ko huɗu kafin Babbar Sallah. A nemi matashin rago mai dogon ƙashi da faɗin ƙirji, wanda bai yi ƙiba ba tukuna. Ƙibar ita ce aikin mai kiwo, ita ce kuma ribarsa. A duba idonsa ya zama garau. A duba hanci kada a ga majina, a duba gindi kada a ga alamar zawo. Uda da Balami sun fi girman jiki, amma sun fi tsada, sun fi ci. Ragon 'yar ƙasa ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin riƙo ga mai farawa. Wanda bai taɓa saye ba ya tafi da babban da ya san dabba, don ranar kasuwa bakin dillali zaƙi gare shi.

Idan an kawo rago gida, a ware shi daga sauran dabbobi kamar mako biyu. A kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya yi masa allurar rigakafi. A ɗaure shi a inuwa, a ba shi ruwa mai tsabta da ɗan gishiri ko kanwa. Kada a cika masa dusa tun ranar farko, cikinsa zai kumbura. A fara da kaɗan, ana ƙarawa. A kuma share leda daga wurin, domin dabbar da ta haɗiye leda takan rame har ta mutu, mai ita bai san dalili ba.

Maganar abinci ita ce babba. Babbar Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 an yi ta ran 16 ga Yuni, a 2025 kuma ran 6 ga Yuni. Wato a irin waɗannan shekaru kiwon yana faɗawa tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada. Mai dabara tun da kaka yake tara harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa, ya ɗora bisa rumfa inda gara ba za ta kai ba. Wanda ya bari sai watan Afrilu zai sayi dami ɗaya da kuɗin da zai iya sayen biyu ko fiye a watan Nuwamba.

INDA SAMARI SUKE FAƊUWA

Yaron ƙauye ya tashi ya ga ana kiwo a gidansu, don haka ba nan matsalar take ba. Inda ake faɗuwa shi ne wajen lissafi. Ga misali, kuma kuɗin da za a ambata na misali ne kawai, domin kasuwa kullum canzawa take yi.

A ɗauka wani saurayi ya dawo daga ci-rani da ɗan abin da ya tara. Ya sayi rago N90,000. Ya yi kwana 100 yana kiwonsa. Harawa ta ci N24,000. Dusa ta ci N30,000. Magani da gishiri N4,000. Kuɗin mota zuwa kasuwa da la'adar dillali N6,000. Ana saura mako ɗaya Sallah ya sayar da ragon N200,000.

A hanyarsa ta komawa gida sai ya yi lissafi da ka. Ya ce ya saya 90, ya sayar 200, ashe ya ci ribar N110,000. Sai ya sayi sabuwar waya, ya ɗinka kayan Sallah, ya yi wa abokai hidima. Ya rage N90,000 ya ce wannan ita ce uwar kuɗi.

Yanzu mai karatu ya ɗauki alƙalami ya haɗa. 90,000 da 24,000 da 30,000 da 4,000 da 6,000 sun zama N154,000. Wannan shi ne ainihin abin da ya zuba. A cire shi daga N200,000, saura N46,000. Ita ce ribar. Wato ya ci N64,000 daga cikin jarinsa bai sani ba. Me ya sa bai sani ba? Saboda kuɗin dusa ba rana ɗaya suka fita ba. Yau kwano biyu, jibi kwano uku, ba wanda zai riƙe wannan a ka har kwana 100. Idan ya sake sayen rago da N90,000 ɗin, ba shi da kuɗin abinci. Ragon zai rame, ko kuma a sayar da shi a kan tilas. Daga nan sai a ji yana cewa kiwo ba ya karɓarsa, ko an yi masa baki.

Maganin wannan littafin rubutu ne irin na 'yan firamare. A ja layi a tsakiyar shafi. Gefe ɗaya a rubuta ABIN DA YA FITA, ɗaya gefen ABIN DA YA SHIGO. Kowane layi a sa kwanan wata, da sunan abu, da kuɗinsa. A rubuta a ranar, kada a ce sai gobe. Ko da harawar daga gonar gida ta fito, a yi mata kuɗi a rubuta, tun da in ba don ragon ba da an sayar da ita. Takin da aka kwashe daga turke aka kai gona shi ma a tuna da shi, a gefen abin da ya shigo.

Bashi ma a rubuta shi, da sunan wanda ya ci, da ranar biya, da shaida. Wasu suna jin kunyar rubuta bashin ɗan'uwa. Ba abin kunya ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

Kada a ruɗi kowa: N46,000 a kwana 100 ta kama N460 ke nan a rana. Rago ɗaya ba zai riƙe gida ba. Amfaninsa shi ne a koyi sana'ar da ƙaramin jari, inda ko an yi kuskure asarar ba za ta karya mutum ba. Wanda ya mayar da rabin ribarsa cikin jari, badi yana iya ɗaure biyu. Wannan lissafi kuma bai tsaya kan rago ba. Budurwa mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da tela, da mai gyaran babur, da mai cajin waya, da mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Sabke ko Daberam, duk layin nan guda za su ja. 'Yan mata ma sun fi samari sanin kiwon tunkiya da akuya, don tun asali a hannun mata yake a gidajen Hausawa.

IDAN AKA HAƊU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa 10 masu rago ɗai-ɗai, in sun haɗu, za su sayi dusa buhu-buhu maimakon kwano-kwano. Za su kira malamin dabbobi rana ɗaya, su ɗauki mota ɗaya zuwa Mai'aduwa. Za su iya yin adashi, kowa ya ɗauka lokacin sayen harawa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Da can samari suna aikin gayya, suna da Sarkin Samari mai tsawata musu.

Ƙungiya tana bukatar shugaba da magatakarda da ma'aji. A zaɓe su a bainar jama'a, a sa musu wa'adi. Kada ma'aji ya zama ƙanen shugaba. A sanar da mai unguwa da dagaci. A tambayi ofishin ƙaramar hukuma yadda ake yi wa ƙungiyar gama-kai rajista, domin hukuma da banki sun fi sauraron masu takarda. In an buɗe asusu, a sa hannun mutum biyu ko uku kafin a cire ko sisi. Kowane wata magatakarda ya karanta lissafi da ƙarfi kowa ya ji. Ƙungiyoyi da yawa a kan kuɗi suke watsewa, kuma sau da yawa ba sata aka yi ba, rashin rubutu ne ya jawo zargi.

A yi hattara da masu yawo suna cewa a kawo kuɗin fom za a ba da tallafi. Kada a ba kowa lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya aiko ta waya, ko da ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne.

Saurayin da ya riƙe kuɗin mutum 10 shekara biyu ba a yi rigima ba, garin ya san shi. Irinsa ake sawa a kwamitin rijiyar burtsatse ko na makaranta. Doka ma ta buɗe ƙofa. Mai shekara 18 yana da ikon yankar katin zaɓe ya jefa ƙuri'a. Ran 31 ga Mayu 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki wanda ya rage shekarun tsayawa takara. Majalisar Dokokin Jiha da Majalisar Wakilai sun koma 25 daga 30, Shugaban Ƙasa ya koma 35 daga 40. Ƙungiyoyin matasa ne suka yi ta fafutuka har aka yi wannan gyara. Lokacin zaɓe 'yan takara sukan nemi samari don yawon banga, a sallame su da kuɗin shan ruwa. Ƙungiya mai rajista kuwa tana iya zaunar da ɗan takara, ta miƙa masa bukatunta a rubuce, kamar malamin dabbobi ko gyaran hanyar kasuwa, ta ajiye kwafi ɗaya a hannun magatakarda har zaɓe na gaba.

AIKIN YI

Wata budurwa ta sayi rago N80,000. Harawa N20,000, dusa N26,000, magani N3,500, mota da la'ada N5,500. Wanta ya kai mata shi kasuwa, aka saya N170,000. Mai saye ya biya N150,000, ya ce sauran sai Lahadi mai zuwa. Nawa ta kashe gaba ɗaya? Nawa ne ribarta in an biya duka? Daga kuɗin da ke hannunta yau, nawa za ta iya taɓawa ba tare da ta ci jarinta ba? A ja layi a littafi a yi lissafin, sannan a nuna wa malamin aji.