Darasi na Takwas: Allon Tela a Intanet

A da, tela yakan rataye allo a ƙofar shagonsa domin ya jawo hankalin masu wucewa. A yau, shafinsa na Facebook ko Instagram shi ne allon. Baƙon da ya leƙa shafin yana son ya san abu uku: sunan mai shafin, sana'arsa, da inda za a same shi.

Saboda haka, ya kamata tela ya riƙe suna ɗaya a dukkan shafukansa, ya rubuta unguwarsa da lambar wayarsa a sarari. Hotunan da zai ɗora su kasance na ɗinkin hannunsa. Idan ya ari hoton aikin wani, ranar karɓar kaya asirinsa zai tonu, ya rasa ciniki, ya zubar da mutuncinsa. Hausawa sun ce, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne baƙo yake son ya sani?
2. Me zai sami telan da ya ari hoton aikin wani?

Aiki

Zaɓi sana'a ɗaya, ka rubuta jimla biyu da za su gabatar da ita a shafinka.